Biri Ya Yi Kama Da Mutum: Shin Yabon Da 'Yan Sanda Ke Yi Wa Hasashen Siffar Mai Laifi Hujja Ce?

A hutun da ya wuce mun yi wata doguwar gardama da ƙanina, wanda yake aji uku a jami'a yana karantar nazarin laifuka da tsaro. Burinsa idan ya gama shi ne ya zama irin mutanen nan da ake nunawa a shirin Criminal Minds: a kira shi inda aka yi kisa, ya dubi yadda aka ɗaure mamacin da inda aka yar da wuƙa, sai ya juyo ya ce wa 'yan sanda, "Ku nemi namiji ɗan shekara 30 zuwa 40, ba shi da aure, yana zaune da mahaifiyarsa." Na tambaye shi ko ya tabbata abin yana aiki a zahiri. Ya ce, "Haba Yaya, ai 'yan sandan da suka gwada shi ne da bakinsu suka ce yana da amfani. Fiye da kashi 80 cikin 100 fa!"

Adadin da ya kawo gaskiya ne, na kuma san inda ya samo shi. Inda muka rabu shi ne a kan nauyin da ake ɗora wa adadin. Yawancin abin da ake kafa hujja da shi wajen kare wannan fanni binciken jin ra'ayi ne: a raba wa 'yan sanda ko ɗalibai takardar tambayoyi, su ce sun gamsu, sai a rubuta cewa hanyar tana aiki. Ni kimiyyar sinadarai na karanta, kuma a ɗakin gwaji ba mu taɓa tabbatar da ingancin sikeli ta hanyar tambayar masu awo ko suna son shi ba. Abin da muka riga muka san nauyinsa muke ɗora masa mu ga me zai nuna. Da wannan idon nake so mu dubi maganar.

Mene ne hasashen siffar mai laifi?

Turawa suna kiran shi furofailin. Ma'anarsa a taƙaice: masani ya yi nazarin yadda aka aikata laifi, daga nan ya yi hasashen wane irin mutum ne ya aikata, wato shekarunsa, aikinsa, ko yana da aure, inda yake zaune da yanayin halinsa. An fi neman sa a kisa da fyaɗe inda mai laifin baƙo ne ga wanda aka cuta, musamman idan ana zaton mutum ɗaya ne yake ta maimaitawa.

Hukumar FBI ta Amurka ce ta fito da shi fili. A 1972 ta buɗe sashen nazarin halayya a makarantarta da ke Quantico, daga baya jami'anta biyu, John Douglas da Robert Ressler, suka riƙa shiga gidajen yari suna hira da masu kisa. Daga hirar mutum 36 aka fitar da rabe-raben da har yau ake koyarwa: akwai mai kisa "mai tsari", wanda yake shiryawa ya kuma ɓatar da sawu, akwai "marar tsari", wanda yake afkawa haka kawai ya bar komai a warwatse. Aka ce kowanne yana da irin rayuwarsa a gida.

Ginin gaba ɗaya a kan zato biyu yake tsaye. Na farko, mai laifi yakan maimaita salonsa daga laifi zuwa laifi. Wannan yana da ɗan goyon baya a bincike. Na biyu, mutanen da salon laifinsu ya yi kama, rayuwarsu ma za ta yi kama. A nan ne gizo yake saƙar. A 2002 Andreas Mokros da Laurence Alison sun duba bayanan masu fyaɗe 100 a Birtaniya, ba su sami alamar cewa masu salo iri ɗaya sun fi kama da juna a shekaru, aiki ko tarihin laifi ba. A 2004 kuma David Canter da abokan aikinsa suka gwada rabon "mai tsari" da "marar tsari" a kan masu kisan jere 100 na Amurka. Rabon bai fito ba, domin alamomin da aka ce na ɓangare ɗaya ne sun cakuɗe da na ɗayan a cikin laifi guda.

Adadin da ƙanina ya kawo, da wanda ya bari

A 1995 wani jami'in 'yan sandan Landan mai suna Gary Copson ya fitar da rahoto a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya. Ya bi diddigin lokuta 184 da masu bincike suka nemi shawarar masu hasashe, ya tambaye su yadda suka ga abin. Kimanin kashi 83 cikin 100 sun ce shawarar ta yi musu amfani a aiki. Sama da kashi 90 sun nuna za su sake nema. Wannan shi ne adadin da ake yawo da shi.

To amma a cikin rahoton dai an yi wata tambayar: shin shawarar ta taimaka an warware shari'ar? Kimanin kashi 14 ne suka ce e. Da aka matsa aka ce, shin ita ce ta kai ku ga gano mai laifin? Sai adadin ya faɗo zuwa kashi 2.7, wato sau 5 cikin 184.

Mai karatu, ka dubi tazarar nan da kyau: 83 a gefe guda, 2.7 a ɗaya gefen, kuma daga bakin mutane ɗaya. To wane amfani suke nufi? Da yawansu cewa suka yi shawarar ta ƙara musu fahimtar lamarin, kimanin rabi kuma suka ce ta ƙarfafa musu gwiwa a kan abin da dama suke zato. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ɗan sandan da ya shafe wata shida yana fama da shari'ar kisa, manyansa suna matsa masa, 'yan jarida suna bin sa, idan wani masani ya zo ya ce masa "hanyar da kake kai daidai ce", dole ya ji sanyi. Amma idan hanyar ba daidai ba ce fa? Sanyin da zai ji ɗaya ne.

Laifin ba na Copson ba ne, shi ya kawo dukan alkaluman bai ɓoye ba. Laifin na masu tsintar 83 su bar 2.7 ne. Kuma irin wannan tazara ta sake fitowa a wani wurin. A 2006 an tambayi masana halayyar ɗan Adam da likitocin ƙwaƙwalwa masu aiki da kotuna, a wani bincike da Angela Torres ta jagoranta a Amurka. Mafi rinjayensu sun ce hasashen yana da amfani ga 'yan sanda, amma waɗanda suka yarda yana da ingancin kimiyya ba su kai kashi 25 cikin 100 ba.

Me ya sa mutum yake gamsuwa da abin da bai kai shi ko'ina ba?

Duk wanda ya taɓa jin labarin masu duba ya san dabarar. Boka zai dube ka ya ce, "Akwai wani na kusa da kai da yake maka dariya a fuska amma ba ya ƙaunar ci gabanka." Wane ne ba shi da irin wannan? Kai ne za ka lalubo sunan a zuciyarka, sannan ka fita kana cewa mutumin nan ya san aikinsa. Shi bai faɗi komai ba, kai ka cike gurbin.

Masana sun auna wannan tun 1948. Wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan 'yan kwanaki ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga sakamakonka. Ya nemi su ba takardar maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, jimlolin ma daga littafin duban taurari ya tsinto su.

A 2003 Alison da abokansa suka kawo wannan gwaji cikin aikin ɗan sanda. Sun raba jami'ai gida biyu, suka ba su takardar hasashe iri ɗaya. Rukuni na farko aka ba su bayanin ainihin wanda ya aikata laifin, rukuni na biyu aka ƙirƙiro musu wani mutum da ya saɓa masa a muhimman siffofi. Aka ce kowa ya faɗi yadda hasashen ya dace da mai laifin. Makin da rukunonin biyu suka bayar bai bambanta ba, kuma fiye da rabinsu sun ce hasashen ya yi daidai. Takarda ɗaya ta "dace" da mutum biyu mabambanta. Rigar da ta shiga kowa, ai ba za a gane mai ita da ita ba.

A shekarar dai suka tattara takardun hasashe 21 da aka yi amfani da su a manyan bincike na gaske, suka warware su jimla-jimla. Cikin iƙirari kusan 4,000, kimanin kashi 80 cikin 100 ba su zo da wata hujja ba, kuma waɗanda za a iya tabbatar da kuskurensu ko bayan an kama mai laifin ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Idan aka ce mai laifin "yana fama da ɓoyayyen fushi", ta yaya za ka ƙaryata?

Sunan marubuci ma yana aiki. A Ostireliya, Richard Kocsis da Andrew Hayes sun ba 'yan sanda takardar hasashe a 2004. Wasu aka ce musu ƙwararren mai hasashe ne ya rubuta, wasu ba a ce musu haka ba. Waɗanda suka ji sunan ƙwararre sun fi ganin takardar ta yi daidai, alhali ko wasali ba a canza ba. Da aka ci gaba da gwajin a kan ɗaliban jami'a, sai aka ga gwargwadon yadda mutum ya yarda da fannin tun farko, gwargwadon yadda yake ganin takardar da ke gabansa ta dace. So hana ganin laifi.

Su kuma ɗalibai, ra'ayinsu me yake aunawa?

Ɗan sanda aƙalla ya taɓa riƙe shari'a. Ɗalibin nazarin laifuka fa? Idan ka tambaye shi ko hasashen yana aiki, amsarsa za ta nuna maka abin da ya kalla da abin da aka koya masa, tun daga fim ɗin The Silence of the Lambs na 1991 har zuwa Mindhunter da Netflix ta fara a 2017. Wannan ma abin sani ne, domin waɗannan ɗaliban su ne jami'an gobe. Amma kuskure ne a jera ra'ayinsu kusa da na 'yan sanda a ce ga shaidu biyu sun haɗu, tun da sau da yawa rijiya ɗaya suka sha.

Ɗauki labarin da kusan kowane littafin darasi yake buɗewa da shi. Daga 1940 zuwa 1956 wani mutum ya riƙa dasa bama-bamai a birnin New York. 'Yan sanda suka je wurin likitan ƙwaƙwalwa James Brussel, wanda daga baya ya rubuta a littafinsa na 1968 cewa ya shaida musu mutumin gwauro ne, kuma idan suka kama shi za su gan shi da kwat mai maɓalli jeri biyu, a ɓalle tsaf. A Janairun 1957 aka kama George Metesky a garin Waterbury, yana zaune da yayyensa mata biyu, da ya shiga ya sauya kaya kuwa sai ga shi da irin wannan kwat. Daɗin labarin ya kai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka gano shi. Wata ma'aikaciyar kamfanin lantarki na Con Edison, Alice Kelly, ita ce ta tono fayil ɗinsa cikin tsofaffin takardun ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, bayan shi da kansa ya bayyana wasu bayanai a wasiƙun da ya aika wa jarida. Waɗanda suka koma suka binciki abin da Brussel ya faɗa a lokacin, kamar yadda Malcolm Gladwell ya kawo a mujallar The New Yorker a 2007, sun sami hasashe da dama da suka kuskure: an ce yana da tabo a fuska, ba shi da shi, an ce yana aikin dare, alhali ya daɗe ba ya aiki, an ce shekarunsa 40 zuwa 50, shi kuwa ya kai 53. Kwat ɗin ake tunawa, tabon an manta da shi.

Akwai wani gwaji da nake yawan tsokanar ƙanina da shi. A 2002 Kocsis ya ba rukunoni daban-daban bayanan wani kisa da aka riga aka warware, ya ce su yi hasashen mai laifin. Akwai manyan jami'an bincike, akwai masu binciken kisa, akwai sababbin ɗauka, sai kuma ɗaliban kimiyyar sinadarai. Ɗaliban nan da ba su taɓa riƙe shari'a ba su ne suka fi dacewa. Ba na cewa a miƙa mana aikin 'yan sanda, gwaji ɗaya ne a kan shari'a ɗaya. Amma idan daɗewa a aiki ba ta sa mutum ya fi iya hasashen ba, da wace hujja za mu ɗauka ta sa ya fi iya tantance hasashen wani?

Idan aka kuskure, wa yake biya?

A ranar 15 ga Yulin 1992 aka kashe wata matashiya, Rachel Nickell, a filin shaƙatawa na Wimbledon da ke Landan, a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. 'Yan sanda suka nemi taimakon masanin halayya Paul Britton. Zargi ya faɗa kan wani mazaunin unguwar, Colin Stagg, wanda yake fita da karensa a filin, aka ga ya yi kama da siffar da aka zana. Babu wata shaidar zahiri da ta haɗa shi da kisan. Sai aka tura wata 'yar sanda ta yi shigar burtu, ta shafe watanni tana masa wasiƙu kamar mai son shi, ko zai amsa laifi. Bai amsa ba, duk da haka aka gurfanar da shi. Ya yi wata 13 a tsare kafin alƙali ya yi watsi da shaidar a 1994, yana mai Allah wadai da dabarar.

Wanda ya yi kisan, Robert Napper, yana waje lokacin da ido ya koma kan Stagg. A Nuwamban 1993 ya kashe wata mata, Samantha Bisset, da 'yarta 'yar shekara huɗu. Gwajin DNA ne daga baya ya haɗa shi da kisan Nickell, ya kuma amsa a kotu a 2008, shekara 16 bayan faruwar abin. A shekarar aka biya Stagg diyyar fam 706,000.

Kurakuran wannan bincike suna da yawa, ba za a ɗora su duka a kan takardar hasashe ba. Amma ka yi tunani: da a 1993 aka miƙa wa jami'an nan takardar tambayoyi irin ta Copson, me za su cike? Ina kyautata zaton "ta yi amfani ƙwarai" za su zaɓa. Takardar jin ra'ayi ba ta da gurbin da Colin Stagg zai rubuta nasa.

A yi wa ɗaya ɓangaren adalci

Su ma binciken masu suka suna da rauninsu, bai kamata in ɓoye ba. Yawancinsu mutane kaɗan ne suka shiga. Gwajin takarda da biro a aji bai yi kama da binciken gaske ba, inda mai hasashe yake zuwa wurin da abin ya faru ya kuma yi tambayoyi. Ƙwararrun ma ba sa yarda a gwada su: a binciken Kocsis na 2000 biyar kacal suka shiga. Da mutum biyar ba ka isa ka wanke sana'a ba, ba ka kuma isa ka kashe ta ba. Shi kansa Kocsis yana ganin ƙwararrun sun ɗan fi sauran. Da Brent Snook da abokansa suka haɗa gwaje-gwajen da ake da su a 2007, sun ga fifikon, inda ya bayyana, ƙarami ne kuma ba tabbatacce ba. Ni dai a ganina nauyin kawo hujja yana kan mai cewa yana da gwaninta.

Fannin kuma ya motsa. Bayan abin kunyar shari'ar Nickell, Birtaniya ta tsaurara: masu ba da irin wannan shawara yanzu ma'aikata ne da ake sa wa ido, a rubuce suke bayarwa tare da dalilin kowane iƙirari. Akwai kuma rassan da suka fi tsayuwa a kan alkaluma, kamar haɗa laifuffukan da ake zaton mutum ɗaya ne ya yi, da hasashen yankin da mai laifi yake zaune daga wuraren da ya yi ta'asa, tun da yawanci mutane ba sa nisa da inda suka sani. Waɗannan ana iya auna su a ga sau nawa suka dace, sau nawa suka kuskure.

To mu ina ruwanmu?

Jami'o'inmu da dama, har da jami'ar karatu daga gida ta NOUN, suna koyar da nazarin laifuka da tsaro, ga kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda da ke Wudil. Littattafan da ake karantawa yawanci daga Amurka da Birtaniya suke, da labarin kwat ɗin Metesky a shafin farko. Rabe-raben da aka fitar daga fursunoni 36 na Amurka bai tsaya da ƙafarsa a can ba, balle a ɗauko shi a auna mutumin Kano ko Damagaram da shi. Kuma a wurin da mutum zai iya shafe shekaru a tsare yana jiran shari'a, kalmar "ya yi kama da mai laifi" tana da tsada, musamman idan an lulluɓe ta da rigar kimiyya.

Shawarar da na ba ƙanina, wanda yake neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai, ita ce kada ya tsaya a tambayar mutane ko sun yarda da hasashen. Ya ɗauki shari'ar da aka riga aka yanke, ya ba rukuni biyu takardar hasashe ɗaya, ya ba kowanne mai laifi daban, kamar yadda Alison ya yi, ya ga ko 'yan ajinsu za su faɗa ramin. Kuɗin da zai kashe bai wuce na buga takardu ba. Duk inda kuma ya ji an ce hanya kaza tana da amfani, ya tambaya: amfanin me, an gwada ta da wace hanya, kuma wa ya ƙirga lokutan da ta kuskure?

Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, idan sakamakon ya nuna kai ne ba ka da gaskiya fa?" Na ce masa sai ya kawo mu buga a nan, ni zan fara rubuta gyara. Har yanzu dai bai bar kallon Criminal Minds ba, ni ma in ya kunna ina zama mu kalla tare.